Tafireta Ba Ta da Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofis guda, a kan kujera guda, har sai da kujerar ta lotsa daidai zamanta. Shi ya sa ko bayan ta ajiye aiki sunan bai sake ta ba. Manya da yara a layinsu Inna Tafireta suke ce mata, ita kuma tana amsawa. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Abin alfaharinta a duniya ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi: a duk shekarun nan ba a taɓa dawo mata da takarda an ce ta gyara ba. Shugabanni bakwai suka zo suka wuce a gabanta, kowa da irin rubutun hannunsa, wani kamar kaza ta yi tono, duk ta karanta ta buga.

Mijinta mai gyaran agogo ne. Da can yana da tebur a bakin titi, amma tun da ciwon sukari ya taɓa masa ƙafar dama aka cire yatsu biyu, teburin ya dawo falo kusa da taga. Ita ke wanke ƙafar safe da yamma, ita ke yi masa allura, saboda haka ba ta kwana ko'ina sai gida. Shi kuwa Mai Agogo, duk maganar da Allah ya rage wa matarsa shi ya ƙara wa. Bakinsa ba ya hutawa sai in ya maƙala gilashin aiki a ido.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu. Tana da shekara biyu wani zazzaɓi ya kama ta, da zai tafi ya tafi da jinta. Inna ba ta san akwai makarantar kurame ba sai da yarinyar ta kai tara, kafin nan kuwa su biyu sun riga sun ƙera yarensu na hannu wanda babu shi a kowane littafi. Ruwa, yatsa uku a leɓe. Baba, zagaye ido da yatsa biyu. Ƙarya, a share goshi da bayan hannu. Uban ne ya raɗa mata Tsuntsuwa, don in ranta ya ɓaci hannayenta tashi suke kamar fiffike. Shi kansa bai iya alama ta wuce goma ba. Yakan ce, "Na zaci tafireta na aura, ashe tafinta ce."

Tsuntsuwa ta girma, ta koyi ɗinki, ta auri wani direban babbar mota, mutumin kirki mai sanyin hali, ya tafi da ita garinsu, tafiyar kwana biyu a mota. Ta iya karatu da rubutu, amma rubutu a wurinta kamar takalmin aro ne, tana takawa da shi, ba ta iya gudu. Saƙonta ba ya wuce "lafiya lau" da "ina Baba". Maganar da ke cikinta sai a hannu. Waya kuwa ta yi wa idon Inna ƙanƙanta, yatsu a cikinta kamar ƙafafun sauro. Don haka hirarsu ta koma kan tsohuwar kwamfutar da ofis suka ba Inna ranar da ta yi sallama da su, mai akwati a ƙarƙashin tebur da allo mai faɗi a sama.

Kwamfutar ta daɗe da tsufa. Shekara uku da suka wuce ta ƙi tashi, sai Mai Gyara, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakala a layin masu kayan wuta, ya cire mata tsarin da ta zo da shi ya sa mata na kyauta. Ya ce wannan ba na wani kamfani ba ne, mutane ne daga ko'ina suka haɗa hannu suka gina, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Inna ta ce to Allah ya saka musu. A kanta take buga wa maƙwabta wasiƙun neman aiki, a kanta take ganin 'yarta Litinin da Juma'a bayan la'asar.

Tun cikin Tsuntsuwa yana wata biyar hoton ya fara sarƙewa. Hannu zai taso, ya tsaya a iska, sai kuma a gan shi ya riga ya sauka. Mai jin magana in hoto ya tsaya ba abin da ya rasa. Amma a yaren hannu motsin shi ne kalmar. Inna ta dinga cike gurbi da tsammani, kamar yadda take yi da rubutun shugabanni, kuma yawanci tana dacewa.

Wata ranar Litinin ba ta dace ba. A yarensu, shafa ciki a zagaye yana nufin na ƙoshi, danna shi sau biyu da yatsu yana nufin yana ciwo. Inna ta ga hannu a saman ciki, hoto ya tsaya, ta ga hannu a ƙasan ciki, ta ga haƙora a waje. Sai ta yi dariya ta ɗaga hannu ta ce madalla, ki ƙara ci, ku biyu ne yanzu. Tsuntsuwa ta sake yi. Inna ta sake dariya, har da tafi. Allon ya yi baƙi.

Juma'a ta zo ba kira. Litinin ta zo ba kira. Inna ta aika saƙo, amsa ta dawo: "ba komai". Ranar Talata da hantsi surukin ya bugo waya.

"Inna, barka da hantsi. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Ina 'yar tawa?"

"Inna, ku yi haƙuri, ba ƙara na kawo ba. Ranar Litinin ɗin da kuka yi hira ba na gida. Ciwo ya kama ta, maƙwabciya ce ta kai ta asibiti. An duba, lafiya ƙalau daga ita har cikin, an ce dai ta huta. Amma ta ce ta faɗa muku sau biyu, kuna dariya."

Inna ta nemi kujera ta zauna.

"Na ce mata na'ura ce, ba ku ba ne. Ta ce ita ta gaji da yi wa bango magana. Asabar ta sama zan yi doguwar tafiya, sati uku. Na lallashe ta, ta yarda za ta kira Juma'a kafin in tafi. Amma ta ce in hoton ya sake tsayawa, a bar shi kawai sai ta haihu."

Inna ta ƙirga a yatsa. Kwana goma. Ta ce, "Ka ce mata ta kira."

Da ta ajiye wayar ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta yi alwala ta yi raka'a biyu, sannan ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta fara zare wayoyi, tana ɗaura wa kowace zare mai launi daban don kada ta manta mazauninta.

"Ina za ki kai gawar?" in ji Mai Agogo.

"Asibiti."

"Wannan ai ta wuce asibiti, sai wanka da likkafani."

"Kai ma haka aka ce da ƙafarka, ga ka nan kana cika mini kunne."

Ta naɗe akwatin a tsohon zane, ta rungume shi kamar jariri, ta tari mota.

Shagon Mai Gyara bai fi faɗin tabarma biyu ba. Rufinsa ya karkata saboda matakala, in an taka sama sai fitila ta yi rawa. Mutum ne mai furfura a gemu da tabon ƙuna a babban yatsa. Tun ba ta gama bayani ba ya ce, "Inna, sabis ne. Kowa kuka yake da shi."

"Ba sabis ba ne."

"To ke ce injiniyan ko ni?"

"Kai ne. Amma ni nake zaune gabanta. In hoton ya tsaya, ina jin fankar ɗakin 'yata ba ta yanke ba, ina jin yara a waje ba su yanke ba. In hanya ce ta lalace, me ya sa sauti yake wucewa hoto yake maƙalewa? Na biyu, kibiyar nan da nake ja da hannu ita ma tsayawa take. Ita ma daga garinsu take zuwa? Na uku, akwai hoton bidiyo na ɗaurin aurenta a ciki, ba ya buƙatar sabis, shi ma ɗingishi yake."

Mai Gyara ya dube ta, ya ajiye abin da ke hannunsa. "Allah ya huci zuciyarki. Miƙo ta nan."

Ya kwance murfin. Ya nuna mata da tsinken sukudireba. Ya ce manyan kwamfutoci suna da kati na musamman mai zana hoto, da ɗakinsa da rumbunsa. Wannan kuwa ba ta da shi. Mai zanen nata a jikin ƙwaƙwalwar yake raɓe, kuma wurin ajiyar da suke aiki da shi, wanda ake kira ram, guda ɗaya ne suke rabawa.

"Kamar tela da mai guga a kan tebur ɗaya," in ji shi. "In wannan ya baza, sai wancan ya jira. Teburinki kuma giga biyu ne kacal. Shafin da kike kiran 'yarki da shi kullum ƙara ƙiba yake, tebur yana nan yadda yake."

"To a ƙara tebur."

Ya jawo wani aljihun tebur cike da sassan kwamfutocin da suka mutu, ya zaro wani ɗan siririn allo kore mai giga huɗu, ya danna shi a rami na biyu. Ya kunna. Kwamfutar ta yi kuka sau uku, allo bai kawo ba. Ya cire, ya goge, ya mayar. Kuka uku.

"Ta ce ba ta ci," in ji Mai Gyara. "Kowane rami biyu ne iyakarsa. Haka aka halicce ta."

Ya yi ta tono har ya samu mai giga biyu, irin nata sak. Wannan ta karɓa. Ya busa fankarta, ya fito da wani dunƙulen gashin zare kamar ɓera, ya cire mata kwalliyar allo, inuwowi da tagogi masu shuuu in an buɗe su, ya ce duk ci suke. Suka kunna bidiyon auren. Ɗingishin ya ragu, amma bai tafi ba.

"Huɗu ke nan, an kai bango. Ko kin kawo buhun ram ba inda za a sa. Saura abu ɗaya. Yanzu ƙwaƙwalwar ce take ɗaukar nauyin bidiyo ita kaɗai, mai zanen yana zaune yana kallo. Sai an rubuta mata umarni cewa ta miƙa masa aikin. Amma sai an jawo wasu abubuwa ta intanet, nawa kuma tun jiya a yanke yake, gobe da asuba zan tafi duba mahaifiyata, sai bayan sati biyu."

"Rubutu ne?"

"Layi huɗu. Amma Inna, a baƙin allo ake yi, ba a kuskure ko ɗigo."

Inna ta gyara mayafi. "Ɗan nan, kana rarrafe nake buga takardar da ake sa wa hannu da jan biro. Rubuta mini."

Ya rubuta a bayan kwalin fitila. Layi uku na jawo kaya ne. Na huɗu za ta buɗe wani fayil ta ƙara shi a ƙasa: kalmomi masu manyan baƙaƙe, alamar daidai, sai lamba ɗaya. Ya ce ɗayan nan shi ne makunni, yana nufin a kunna. Sifili yana nufin a kashe.

Washegari bayan ta wanke ƙafar Mai Agogo, ta yi bismilla ta zauna, bayanta a miƙe kamar yadda aka koya mata tana budurwa. Layi uku suka wuce, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo ya tsaya. Ta buga na huɗu, ta adana, ta kashe, ta kunna. Ta buɗe shafin kira, inda take ganin kanta, ta ɗaga hannu ta kaɗa yatsu. Hannun da ke allo ya taso, ya tsaya.

Mai Agogo ya ɗaga agogon aljihu. "Daƙiƙa biyu. A da uku ne. An samu ci gaba, nan da baɗi sai ta warke."

Ta goge layin ta sake bugawa. Haka. Ta sake. Haka. Kwamfutar ba ta ce an yi kuskure ba, ba ta ce komai ba, wannan ya fi ba ta haushi. Shugaba ko mugu ne yakan ja layi a ƙarƙashin abin da bai so.

Kwana uku tana yi. Ta ɗora kwalin a gefen allo, ta bi harafi harafi da tsinken ashana. Daidai. Ta sa Mai Agogo ya karanta mata da ƙarfi tana duba allo. Daidai. Ranar Lahadi ta kira Mai Gyara.

"Inna, in kin rubuta daidai dole ya yi."

"Daidai na rubuta."

"To akwai inda hannu ya zame."

"Hannuna ba ya zamewa."

"Inna, kowa yana..."

"Ka gaishe da mahaifiyarka," ta ce, ta kashe.

Ranar ba ta ci abincin kirki ba. Mai Agogo ya dube ta ta saman gilashi, wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce, "Ki tafi mana. Kwana biyu ne a mota. Ni zan iya wanke ƙafata."

"Ba ka iya sunkuyawa. Kuma allurar fa?"

"To ki rubuta mata doguwar wasiƙa, ai ke ce sarauniyar wasiƙa."

"Na yi mata laifi da hannu, da hannu zan ba ta haƙuri. Wasiƙa ba muryata ba ce a wurinta, muryar kowa ce."

Litinin da Talata ta gwada abin da hankalinta ya ba ta. Ta rufe duk wani shafi, ta rage girman hoton, ta matsar da akwatin daga jikin bango don ya sha iska. Kowanne ya ɗan taimaka, ba wanda ya kawar da tsayawar. Ranar Laraba ta fara zargin kwalin, ta ce ƙila shi Mai Gyaran ne ya yi kuskure. Har ta ɗauki waya, sai ta tuna yadda ta kashe masa, ta ajiye. A sujada ta roƙi Allah, in girman kai ne ya rufe mata ido, ya buɗe.

Alhamis da safe ta rasa abin yi. Inna kuwa in ta rasa abin yi shara take. Ta ari ɗan burushin da Mai Agogo yake share cikin agogo, ta jawo allon maɓallai gaban taga, ta fara bi layi layi. Shekara tara tana dukan maɓallan nan. Wasu harufan sun goge ƙaf, sai santsi, lambobin sama duk sun dushe. Ta share tara, takwas, bakwai, ta gangaro har biyu. Sai burushin ya tsaya.

Maɓallin lamba na ƙarshe a hagu sabo ne fil. Farin lambar yana nan kamar yau aka buga shi, ko maiƙon yatsa babu.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗora hannayenta a mazauninsu, ta rufe ido, ta ce wa kanta: buga ɗaya. Yatsan zobe na hannun dama ya sauka da kansa, a layin tsakiya, a kan ƙaramin harafin l.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

Tafiretar da ta koyi aiki a kanta, da wadda ta yi shekara ashirin da ita a ofis, ba su da lamba ɗaya. Masu ƙera su sun ga ƙaramin l ya yi kama da ita, sai suka ce ya wadatar. Ranar farko a makarantar koyon bugu abin da malama ta fara dasa musu ke nan. Da aka kawo kwamfuta ofis, hannun Inna ya ci gaba da abin da ya sani. Kwanan wata, lambar takarda, lambar gida, duk da l ta buga su, kuma ba wanda ya taɓa lura, don idon mutum yana ganin abin da yake tsammani. Ita ma da tsinken ashanarta abin da take tsammani ta gani.

"Ba ni gilashinka," ta ce.

Ta maƙala gilashin agogo a ido, ta buga l, ta nemo sabon maɓallin da ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda ya yi ta laluben hanya kamar baƙo, ta buga ɗaya a gefensa. A baƙin allo, ɗaya tana da ɗan baki mai gangarowa, l kuwa nasa a kwance yake. Bambancin bai kai ƙwayar gero ba.

Mai Agogo da ya gane abin da ya faru, dariya ta kama shi har da tari. "Shekara talatin da ɗaya! Ashe talatin da l kika yi! Mu ma ranar aurenmu, sha ɗaya ga wata, ashe ba a ɗaura ba!"

"Ka gama?"

"Saura kaɗan."

Ta goge harafin, ta sa lambar, ta adana, ta kashe, ta kunna. Ta ɗaga hannu. Hannun allo ya taso tare da nata. Ta kaɗa yatsu, ta juya, ta yi ruwa, ta yi Baba, ta yi ƙarya, ta yi su da sauri, ta ƙara sauri. Fankar da ta saba ihu tana ta numfashinta a hankali. Mai Agogo yana riƙe da agogo yana jiran abin da zai ƙirga, bai samu ba.

Kafin ta yi komai sai da ta kira Mai Gyara. Ta ce, "Ɗan nan, hannuna ne ya zame. Ka yafe ni." Ta faɗa masa yadda aka yi. Ya ce shekara ashirin yana gyara bai taɓa jin irin wannan ciwo ba, kuma don Allah ta bar shi ya ba abokan sana'a labari. Ta ce ya bayar, amma kada ya faɗi ko wace ce. Ya ce Inna, ai ko ban faɗa ba.

Juma'a tun azahar ta share tebur, ta ja labule don hasken taga kada ya dushe mata hannu, ta sa riga mai duhu yadda yatsu za su fito. Bayan la'asar kiran ya shigo.

Tsuntsuwa tana zaune a bakin gado, fuska ta ɗan kumbura, ciki ya fito sosai. Ta harɗe hannayenta a ƙirji. A wurin mai yaren hannu wannan shi ne rufe baki. Surukin ya leƙo ya gaida su ya fice.

Inna ta fara. Ta ce ban gani ba. Akwatin nan ya cinye rabin maganarki, ni kuma na cika sauran da kaina, ban tambaye ki ba. Laifina ne. Na gyara shi. Gwada ni.

Tsuntsuwa ta dube ta. Hannu ɗaya ya fito, ya yi wata alama a hankali, kamar mai taɓa ruwa ya ji zafinsa. Inna ta maimaita mata daidai. Hannu na biyu ya fito.

Daga nan sai ambaliya. Tsuntsuwa ta ce na ji tsoro, ba kowa a gidan, na kira ki don ke kaɗai ce ba sai na yi miki bayani ba, kika yi mini tafi. A asibiti likita da maƙwabciya suna magana a kaina kamar buhu. Na rubuta tambaya a takarda, ya amsa wa maƙwabciya. Hannayen suna tashi suna sauka, suna bugun juna, kuma ko ɗaya bai tsaya a iska ba. Inna ba ta kare kanta ba. Faɗa ake yi mata, tana ganin kowane yatsa, hawaye na zuba ba ta share ba don kada hannunta ya bar wurin.

"Me take cewa?" in ji Mai Agogo daga bayanta.

"Zagina take."

"Alhamdulillahi. Ki ce ta ƙara nawa."

Can hannayen suka gaji, suka sauka kan cinya. Tsuntsuwa ta kalli ƙofa, ta ga mijin ba ya nan, ta matso kusa da allo. Ta yi alamar jariri. Ta buɗe baki kamar mai kuka. Ta nuna kunnenta, ta nuna kanta tana barci, ta buɗe tafukan hannu biyu. In ya yi kuka ina barci, babansa yana kan hanya, yaya zan sani? Ta ce wata biyu ke nan tana son ta yi tambayar nan, hoton ba ya barinta ta kai ƙarshe.

Inna ba ta taɓa tunanin wannan ba, ita da ta yi rainon kurma amma da kunne biyu. Ta so ta ce jikin uwa yana ji, sai ta fasa, don ba ta tabbatar ba, kuma ta gama cika gurbi da tsammani. Ta ce ban sani ba tukuna. Saura wata nawa? Tsuntsuwa ta ɗaga yatsa biyu. Inna ta ce ya isa.

Ta juya ta faɗa wa Mai Agogo. Ya sosa gemu. Ya ce shi dai ya san agogon da ke girgiza maimakon ƙara, ya taɓa gyara irinsa, ana sa shi ƙarƙashin matashi. Abin da bai sani ba shi ne yadda za a sa ya ji kukan yaro maimakon ya jira lokaci. Wannan sai masu wayoyi.

"Yaushe Mai Gyara zai dawo?"

"Laraba."

Inna ta jawo takarda da biro ta ajiye a gefe. Ta juya ga allo ta ce wa 'yarta, faɗa mini yadda ɗakin yake. Ina gado, ina soket, taku nawa ne tsakaninsu. A hankali, zan rubuta.

Tsuntsuwa ta tashi da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ta fara auna ɗakin da ƙafa.